Shamuwar da ta Sauka Cikin Ɗari

A ƙauyenmu, bayan Dandin Mahe, shamuwa da 'yan cin rani tare suke dawowa. In ka ga ta sauka kan itace da baƙin bayanta da farin cikinta, to ruwa ya kusa, kuma iyayenmu maza na kan hanya daga Kurmi da tsaraba. Shi ya sa gari ya ɗauki surutu shekarar da wata shamuwa guda ta sauka kan gawon bayan gidanmu cikin tsakiyar ɗari. Masu albasa a fadama suka fara duban sama, wai kada ruwa ya ruɓar musu da amfani.

A makon nan ne Baba ya dawo. Ba tsaraba, sai 'yar jaka da tari mai girgiza ƙirji. Ya shige ɗaki, ko majalisar ƙofar masallaci bai zauna ba, don kowa ya gan shi sai ya ce, "Lahiya dai, tun yanzu?" Na ji Inna tana gaya wa Kaka Ige, mahaifiyarsa, cewa da asuba zai koma, wai gara ciwon da bakin mutane. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don ko ni yaro na san mai irin wannan tarin ba ya hawa bayan mota.

 Bayan sallar isha Kaka Ige ta sa muka hura karan dawa kamar kullum, sai dai ranar ta ce a ja wutar kusa da ƙofar ɗakin Baba, wai can iska ba ta kaɗawa. Ƙarya take, nan ne iskar ta fi.

"Angona, matso," ta ce da ni, don haka take tsokanata. "Ga wata nan tahe, wa ka buɗe mata ƙohwa?"

Muka ce, "Mun buɗe, ta shigo!"

Kaka mai raɗa ce in tana tatsuniya, amma ranar har maƙwabta sun ji ta. Ta ce wata shamuwa ce ta bi 'yan'uwanta kudu, sai fiffikenta ya yi ciwo, ta lallaɓo ta dawo kan gawon da aka ƙyanƙyashe ta. Hankaka ya zo ya ce, ina ruwan da kika kawo? Kurciya ta ce, ina sauran? Har ƙadangare, da ba a gayyace shi ba, ya ɗaga kai yana gyaɗawa. Kunya ta ishi shamuwa, ta ɗaura niyyar tashi kafin gari ya waye.

Nan Kaka ta tsaya tana tona wuta, har ƙanwata ta ce, "Sai mi?"

"Sai gawo yac ce mata, ke ɗiyata, kin san halina. Itace duka da damana suka ganye, ni da damana nika zubda nawa. Shekara da shekaru kina zuwa kina iske ni tsirara, ko inuwa ban da wadda zan ba ki. Yau Allah ya kawo ki ina da ganye, kuma ki ce za ki tahi don hankaka? Hankaka na ya haihe ki?"

Muka fashe da dariya, ita ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce shamuwa ta zauna cikin ganyen gawo har fiffike ya warke. "Ƙurunƙus, na rataye ta ga reshen gawo, mai so shi ɗauka."

Sai muka ji tari, asabari ya ɗaga. Baba ya fito lulluɓe da bargo, ya zauna gefen wuta yana miƙa hannuwa. Kaka ba ta ko dube shi ba, ta tono dankalin da ta binne a toka ta tura gabansa.

"Inna," ya ce da Kaka, "gawon nan akwai baki."

"Ci dankalinka," ta ce.

Bai tafi ba. Ya yi jinya, da ya ji sauƙi ya riƙa taya ƙanensa ban ruwan albasa, kowane maraice kuma yana wurin wuta tare da mu, gardi guda cikin yara, Kaka tana yi masa tsiya. Shamuwar gaske kuwa wata safiya muka nema muka rasa, ruwan da ake tsoro bai zo ba.

Na daɗe ina zaton darasin shi ne kada a tambayi wanda ya dawo gida dalilin dawowarsa. Har yau ina riƙe da wannan, in baƙo ya sauka ba lokacinsa ba ruwa nake fara miƙa masa. Amma sai da na girma na lura da sauran. Kaka Ige ta rasu cikin bazarar shekarar, kafin hadarin farko. Ranar da shamuwoyi suka cika gawo, 'yan cin rani suka sauko daga mota da buhunan tsaraba, Baba yana zaune a ƙofar gida ana yi masa gaisuwa. Da ya dawo a lokacin da ya dace, da bai iske ta ba.