Jemar da Lado Ya Dasa a Bakin Rami

Shekara talatin Lado ya yi yana haƙar jar ƙasa a bayan Ƙofar Guga, magina na ɗauka a jakuna. Ƙa'ida ɗaya ya gada wurin ubansa: ba a yanka rami a tsaye, sai hawa-hawa kamar matakala, duk inda aka gama kuma a dasa ciyawar jema a baki, don saiwarta ce ke riƙe ƙasa da damina. Abokan aiki na yi masa tsiya wai ya mai da rami lambu. Shi dai ya san abin da yake tsaro. Taku arba'in daga ramin maƙabarta ce, a layin farko kuma matarsa Rakiya take kwance.

Shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka hau, sai kwangilar titi ta ɓarke. Wani Alhaji Garba, wanda jiya-jiya yake rabon huluna wurin kamfe, ya wayi gari ɗan kwangila, ya turo katafila da tifofi ramin su ɗebi jar ƙasa. Cikin kwana uku katafilar ta tuge jemar shekara talatin, ta yanke ramin sak kamar bango.

Tun ranar farko Lado ya tare Alhajin. "Alhaji, ka dubi Allah ka bar jemar nan ko layi guda. In ruwa ya sauka, ƙasar nan tahiya za ta yi."

Alhaji ya yi dariya. "Baba, mi ka sani ga aikin injiniya? Ciyawa ce za ta tsai da ruwa?"

Ofis huɗu Lado ya taka, ko'ina a ce ya dawo gobe. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Da can ba dama ka buɗe baki, yanzu ka yi ta ihu, ba mai ji! Ya koma ya dasa sabuwar jema yana ban ruwa da jarka, amma jema sai ta ga damina biyu take kama ƙasa.

Ruwan Agusta bai jira ba. Ya ruftar da bangon, ya ci layin farko na maƙabarta kaf. Lado da maƙwabta suka bi kwari suna tsintar abin da ruwa ya bari, suka haɗa mutum bakwai a likkafani guda suka sake binnewa, ba wanda ya san wa aka samu, wa ya wuce.

Har yau yana zuwa ziyara ranar Juma'a. Tsakiyar fili yake tsayawa ya ɗaga hannu, don bai san inda zai fuskanta ba.