Wankan da Muka Hana Inna

Har yanzu in na tuna mako ukun da Inna ta ƙara a ɗaki bayan takabarta ta cika, raina ɓaci yake yi. Ina jin haushin ƙanena, ina jin haushin Gwaggo, amma in gaskiya zan faɗa, haushin kaina ya fi ci mini rai.

Babanmu ya rasu da damina, a gidanmu da ke wani ƙauye kusa da Roni. Ni ce babba a ɗakinmu, ina koyarwa a wata firamare a Kazaure, can kuma nake aure. Ƙanena mai bi mini yana sayar da hatsi a Babura, kuma tun da ya fara zama gaban malamai ya tsayar da gemu, babu maganar da za a yanke a gidanmu sai ta bi ta bakinsa. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ta tare a gidan don taya Inna zaman wata huɗu da kwana goma. Ni kuwa duk Asabar nake shiga mota in je, in gaishe ta, in ajiye cefane, in koma ranar Lahadi. Kullum a wuri ɗaya nake tarar da ita, kan tabarma a gindin gado, cikin wani hijabi ruwan toka, carbi a cinyarta. Na ɗauka haka duk mai takaba take zama.

A wajenmu, ranar fita takaba akwai wanka na musamman. Wata tsohuwa ce daga wajen Gwiwa take yi wa matan yankin. Ana dafa saiwoyi da ganye a tukunya, a kife turmi a makewayi, a zaunar da matar a kai. Tsohuwar ta tsefe mata kai, ta cuɗe ta tun daga wuya har tafin ƙafa tana wasu maganganu ƙasa-ƙasa, sannan ta fasa ƙwai a bakin ƙofa, matar ta tsallaka. Wai don inuwar mamacin ta sake ta. Ina budurwa na ga an yi wa wata maƙwabciyarmu, mata sun cika tsakar gida suna leƙe, kuma tun ranar na tsani abin.

Saboda haka da ƙanena ya iso ana gobe fita, ya ce ba za a yi wannan bidi'a a gidan ubansa ba, ni ce ta farko da ta mara masa baya. Ya ce idda in kwanakinta sun cika, ta cika, babu turmi babu ƙwai. A wannan kam ban ga ƙaryarsa ba, har yau ma ban gani ba. Abin da ke ba ni haushi shi ne abin da ya kawo a madadi. Jarka ce ta ruwan addu'a, da ƙullin garin magarya, da 'yar kwalbar man habbatussauda. Ya jera su a bakin ƙofar Inna, ya durƙusa daga waje ya yi mata bayani dalla-dalla: ta zuba kofi ɗaya a bokiti, ta barbaɗa garin, ta yi wanka da kanta kwana uku a jere. Ko ɗaga labule bai yi ba balle ya dube ta.

Washegari da hantsi tsohuwar ta sauka daga babur da ƙullin saiwoyinta. Ƙanena ya ce shi ba zai yi musu da mace ba, ni in je. Na je kuwa. Na tsaya a zaure na gaya mata mun gode, amma mu yanzu an waye, ba ma yin irin wannan. Da bakina na ce an waye. Ta dube ni sama da ƙasa, ta juya, ko ruwa ba ta sha ba. Gwaggo ta tashi gidan da faɗa, ta ce mun wulaƙanta gidan yayanta, duk abin da ya biyo baya mu kuka da kanmu. Kafin azahar ta ƙulle kayanta ta kama hanyar garinsu.

Duk wannan hayaniya Inna tana kan tabarmarta. Sai da gida ya yi shiru ta yi magana, kanta a sunkuye. Ta ce ko za a aika a dawo da tsohuwar, a ce mata ba sai da saiwa ba, ba sai da ƙwai ba, ta dai shigo.

Na ce, "Inna, wanka ne fa kawai. Ga ruwa ga sabulu, me za ta yi miki wanda ba za ki yi wa kanki ba?"

Ta ce to.

Ta yi wankan kwana ukun kamar yadda aka ce. Ta shiga makewayi da bokiti, ba ta daɗewa ta fito, cikin hijabin nan dai ruwan toka, ta koma kan tabarmarta. Atamfar da na ɗinka mata ta fita tana ninke a kan gado. Na kira mai kitso, Inna ta ce kanta na ciwo, a bari sai wani lokaci. Mata suka zo yi mata barka da fita, ta amsa su daga bayan labule. Na koma Kazaure, na dawo wata Asabar, ba abin da ya canja, sai wani bashi-bashi da na fara ji a ɗakin. Na saka turaren wuta na yi kamar ban ji ba.

Mako na biyu magana ta bazu. A bakin rijiya ana cewa marigayi bai sake ta ba. Gwaggo tana garinsu tana aiko da saƙo ta bakin duk wanda zai zo, wai ga irinta nan, ai ta faɗa. Ƙanena kuma ya ce shaiɗanu ne suka samu ƙofa saboda an saba da bidi'a a gidan. Ya turo mini karatu a waya, ya ce in kunna mata safe da yamma, in bai yi ba zai zo da mai ruƙiyya. Kowa ya san ciwon Inna, daga mai cewa inuwa sai mai cewa aljani, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya zauna kusa da ita na minti biyar. Ni ma da nake zagin su a zuci, abin da na iya shi ne in ajiye waya tana karatu a gefenta in fita tsakar gida. Inna kuwa tana ramewa. Tuwo loma uku take yi ta ture kwano. Na fara tsoron ɗakin nan ba za ta fito daga cikinsa da ƙafarta ba.

Asabar ta uku na haɗiye girman kaina. Ban gaya wa kowa ba, na hau babur na bi ta cikin duwatsu har ƙauyen tsohuwar. Na same ta a gindin bishiya tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa na gaishe ta, na ce Iya a yi haƙuri, yarinta ce. Ba ta ba ni tabarma ba. Ta yi mini tatas, ta ce shekara da shekaru tana wannan aiki ba a taɓa tsayar da ita a zaure kamar mai talla ba, kuma gidan da aka kore ta ba ta sake taka shi. Na yi ta roƙonta. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

Da na miƙe zan tafi ta ce, "Ku da kuka waye, ba ku da hannu ne? Je ki wanke uwarki."

Zagi na ɗauke shi, kuma ina jin zagin ta yi nufi. Ta san ni 'yar fari ce. A wajenmu 'yar fari ko tabarma ɗaya ba ta hawa da uwarta. A hannun kakata na tashi, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin kan Inna babu ɗankwali ba, ban kuma tuna ranar da jikina ya taɓa nata ba. Na hau babur na dawo ina huci, ina maimaita maganar tsohuwar, kuma fushin nan ne ya kai ni inda hankali bai kai ni ba.

Ina shiga gida na sa sakata a ƙofar zaure. Na hura wuta, na ɗora babbar tukunya, na surka ruwa bokiti biyu, na kai kujera 'yar tsugunno makewayi. Ban taɓa jarkar ƙanena ba. Na ɗaga labule na ce wa Inna ta taso zan yi mata wanka. Ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta cika yi ba, ta ce ke, ba ki da kunya ne? Na ce yau babu. Na ce ko ta taso ko in zauna a nan in bar aikin da gidan mijin gaba ɗaya. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar, kuma Allah Ya yafe mini. Ta daɗe a zaune, sannan ta dafa gado ta miƙe.

A makewayi na ce ta cire hijabin. Sai na ga ta sunkuyar da kai har gwiwa, ta kama bakinsa ta gaba da hannun hagu, tana ja kaɗan-kaɗan, tana nishi. Na tsaya ina kallo. Na ce ta ɗaga hannunta. Na dama bai wuce ƙirjinta ba, na hagu da ƙyar ya kai kunne. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce damina uku ke nan. Na ce to duk wannan lokaci wa yake cuɗa mata baya, wa yake wanke mata kai?

Ta juya fuskarta wajen katanga. "Babanku," ta ce.

Duk ranar Juma'a da hantsi, in gida ya watse, sai ya sa sakata ya ɗora ruwa. Ya cuɗa mata baya, ya wanke mata kai, ya ɗaura mata ɗankwali, sannan ya yi nasa wankan ya tafi masallaci. Dattijon da ko kofin ruwa ban taɓa ganin ya ɗauka da kansa ba. Ba su gaya wa kowa ba, don a ƙauyenmu da an ji, da ya zama abin dariya a majalisa. Da ya rasu, ba ta iya buɗe baki ta faɗa wa ƙanwar mijinta ba, balle ni, balle ɗanta namiji. Ta ce ita ba ruwanta da ƙwai ko saiwa. Ta yi ta ƙirga kwanaki ne saboda ranar fita ce kaɗai wata za ta wanke mace babba ba tare da an tambayi dalili ba.

Ba zan bayyana yadda na ga bayanta duka ba. Dauɗa ta yi kauri tsakanin kafaɗunta, ga ƙuraje, ga inda fata ta sale saboda gogawa da take yi a jikin bango in ƙaiƙayi ya ishe ta. Kitson da ke kanta tun Baba na da rai aka yi shi, ya dunƙule ya cukurkuɗe. Na jiƙa shi da man kaɗanya ina warwarewa da tsinke, inda ya gagara na sa almakashi. Bokiti biyu bai isa ba, sai da na sake ɗora tukunya. Ina cuɗawa ina kuka, kuma ba kukan tausayi kaɗai ba ne. Mako uku muna jayayya a kan turmi da jarka, kowa na kare addini ko al'ada, ni har da cewa an waye, alhali matar nan hannu ne ba ta iya ɗagawa.

Na shafa mata mai, na saka mata atamfar, na ɗaura mata ɗankwali. Bayan la'asar ta ce in miƙo mata takalmi. Ta fita, ta shiga gida uku na maƙwabta ta yi musu godiyar zaman makoki, ta dawo ta cinye tuwonta.

Kafin magariba labari ya kai Babura. Ƙanena ya kira yana ta hamdala, ya ce dama ruwan addu'a a hankali yake aiki, mutane ne ba su da haƙuri. Gwaggo kuma, da ta ji an gan ni a ƙauyen tsohuwar, ta ce ai saiwa na karɓo a ɓoye. Na cika na yi fam, na buɗe baki zan gaya wa ƙanena abin da ban taɓa gaya masa ba, sai Inna ta girgiza mini kai. Da na kashe wayar ta ce kada in faɗa wa kowa, kada a yi da Baba yana kabari. Na yi mata alkawari. Har yau kowannensu yana ganin shi ya fitar da ita, ni kuma ina ji ina haɗiyewa, shi ya sa ban saka sunan kowa a nan ba.

Ranar Lahadi da zan koma na ce mata zan nemi izini a makaranta in kai ta asibiti a duba kafaɗar. Ta ce to. Ta rako ni har ƙofar gida, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya tana kallon hanya, ba ni ba. Mai babur ya tayar, na gyara zama, sai na ji ta yi magana a hankali.

"Juma'a kina da aiki ko?"

Na ce ana tashi da wuri ranar Juma'a. Na ce ta ajiye mini itace, zan zo.