Gyaɗa A Cikin Akwatin Ufa

Jama'a, ɓera ya gama da ni yau!

Kun san gobe motata ce za ta ja ayarin rakiyar ango a bikin Sale, abokina. Da safe na kunna kiɗa, sai ufa, babbar lasifikar da ke but ɗin motar, ta kama wani kacau-kacau kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Na garzaya unguwar Dogo Tebo wurin Malam Buba mai gyaran sautin mota.

Ya saurara, ya ce, "Alhaji, saitin amfilifaya ne ya goce."

Ya murɗa nan, ya murɗa can. Ya rage bes, ya ƙara bes. Awa biyu muna cikin rana, ƙarar tana nan! Ƙarshe ya ƙure maɓallin ƙarfin sauti, ya ce wataƙila ufar ce ta ƙone.

Na ce, "Haba Malam! Watanta biyu fa da saye!"

Ya cire waya, ya ciccibo akwatin ufar, sai muka ji abu yana gangarawa a ciki. Ya kifa shi. Gyaɗa! Ta ramin iska ta dinga zubowa, ta kusa cika kwano. Ashe kwana ukun da na yi a gonarmu ta Danchuwa, ɓera ya mai da akwatin rumbunsa.

Murna ta sa ya mayar da waya, na kunna. Mun manta maɓalli yana ƙure. Ɓum! Sai hayaƙi da ƙauri.

Malam Buba ya ɓare gyaɗa ya jefa a baki, ya ce, "To Alhaji, yanzu kam da gaske ta ƙone."