Inna Kulu Mai Neman a Kushe Mata Ƙuli

Duk wanda ya taɓa sayen ƙuliƙuli a gidanmu na Tudun Wada ya san Inna Kulu, yayar mahaifina, ba ta son yabo. Ka ce ƙulinta ya yi daɗi, sai ta ɓata rai. Amma ka ce gishiri ya yi yawa, nan take za a shimfiɗa maka tabarma, har da gyara. Ni da ta riƙe tun ina ƙarama, har ta rasu ban gane kan matar nan ba.

Na taɓa tambayarta dalili. Ta ce, "Mai yabo mi ya ƙara min? Wanda yac ce babu daɗi, shi ka koya min sana'a." To, fa!

Wata shekara aka baza a garinmu Bunguɗu cewa tana gauraya man gyaɗarta da tsohon man suya. Ciniki ya tsaya cak, gidan da wannan sana'a ke ciyarwa ya shiga uku. Na ce mu yi shiru maganar ta mutu. Ina! Inna ta ɗora kasko, gyaɗa da itace a mota, ta ja ni har ƙofar matar da ta fara zancen. Ta yi sallama ta ce, "Hajiya, ara min turmi. Mai za ni matsa nan gabanki, ki nuna min inda nika zuba na suyar." Kunya ta kusa kashe ni. Unguwa ta taru, man ya ƙare tas, Hajiyar ma sai da ta sayi kwalba.

Da aka kafa injin matse gyaɗa a hanyar Tsafe, mata masu mai suka yi ta kuka. Inna kuwa ta yafa gyale ta ce za ta je yi musu barka. Barka, ga waɗanda suka zo karya mu? Ta wuni can tana leƙe-leƙe, ta dawo da buhunan tunkuza, wato ragowar gyaɗar da aka matse, wadda su ba su damu da ita ba. Ta ce, "Sun ɗauke min wahalar matsa, Allah shi saka musu." Ta bar musu mai, ta riƙe ƙuli, har shagunan Gusau suka koma sari a wurinta.

Ranar da jikinta ya tsananta a asibiti, likita ya ja mu gefe yana magana ƙasa-ƙasa. Ta ɗaga murya daga kan gado: "Kai, likita! Ni ad da ciwon ko su? Zo hwaɗa min." Ya faɗa mata. Ta yi salati, ta juyo gare ni.

"Tahi gida ki toyo ƙuli ki kawo."

Na ce, "Inna, yanzu? A wannan hali?"

"Ba mutuwa nika tsoro ba, ɗiyata. Ƙulinki nika tsoro."

Haka na yi ta safa da marwa tsakanin murhu da asibiti, tana ɗanɗanawa tana mayar min. Wata safiya ta tauna, ta ce, "To, yara ba su kwana da yunwa." A ranar ta cika.

Ina kewarta ƙwarai. Allah Ya haskaka kabarinki, Inna, Ya sa kin iske abin da ya fi wanda kika bari.