Ƙofar da Muka Yi wa Baba

Ɗakin Baba a gidanmu na Kabo ƙofa ɗaya gare shi, siririya, ga dokin ƙofa mai tudu da aka yi tun muna yara don kada ruwan sama ya shiga. Lokacin da yake da ƙafafunsa babu wanda ya taɓa lura da ita. Sai da hawan jini ya kayar da shi a gonarsa ta hanyar Gammo, ana tsakiyar noma, aka dawo da shi daga asibiti ɓarin jikinsa na dama a shanye, harshensa ya yi nauyi, sannan muka san ƙofar nan ba ta yi.

Keken marasa lafiya da aka sayo masa ba ya shiga ɗakin. In za a fito da shi sai an sami maza biyu. Yayana, wanda ke zaune da iyalinsa a sashen gaba na gidan, ya kama kafaɗu, wani maƙwabci ya kama ƙafafu, a karkata shi kamar ana fitar da katifa. Baba mutum ne da bai son a gan shi a wahale. Wata rana ana cikin fito da shi rigarsa ta maƙale a jikin ƙyaure ta yaye, ga mata cike da tsakar gida sun zo dubiya. Daga ranar, duk wanda ya miƙa hannu zai ɗauke shi sai ya ture shi da hannunsa mai lafiya, ya juya fuska ga bango.

Ni a Gwarzo nake aure, ina koyarwa a makarantar firamare, sai ƙarshen mako nake samun zuwa gida. Duk zuwan da zan yi sai na tarar ya ƙara ramewa. Ɗakin duhu, 'yar tagar da ke sama ba ta kawo komai, ga warin man zafi da na magani. Ma'aikacin asibitin da ke zuwa yi masa gashi ya gaya wa Inna cewa in ba a riƙa fito da shi yana shan hantsi yana ganin mutane ba, jikin zai ƙara mutuwa, zuciyar ma haka.

Ni na kawo shawarar a fasa bangon da ke kallon tsakar gida, a yi ƙofa mai faɗi wadda keke zai wuce ba tare da an ɗaga shi ba. Ta wannan gefen ne bishiyar lemon tsami take, da turken tumakinsa, da wurin da Inna ke girki. Yaya bai yi musu ba. Shi mutum ne mai zafin nama, kafin in sake zuwa har ya kawo magini, an zuba lintar siminti da za ta riƙe saman ƙofar, an fasa bango. Na shigo gida na tarar da wawakeken rami a jikin ɗakin, an rataya tamfol da asabari a bakinsa. Abin da ba mu tattauna ba shi ne irin ƙofar da za a sa.

Ni dama da hotonta a raina. A gidan wata abokiyar aikina a Gwarzo na ga ƙofar gilashi mai firam ɗin alminiyam, wadda ake turawa gefe ta zame, daga sama har ƙasa kana hango waje. Na riƙa ganin Baba kwance a gadonsa yana kallon tumakinsa da jikokinsa ko da ƙofar a rufe take. Muna zaune a gindin lemon na nuna wa Yaya hoton a waya.

Ya duba, ya miƙo mini wayar. Ya ce, "Gilashi? A wannan zamanin? Ba kya jin labaran 'yan bindiga da ke zuwa daga yamma da mu? Dutse ɗaya ya isa wannan."

Na ce, "Yaya, wanda ya iya haura katanga ya shigo tsakar gida, ƙofar ƙarfe ce za ta hana shi?"

"Za ta tsayar da shi har mutane su ji. Ƙarfe za a sa, ƙyaure biyu, da sakata sama da ƙasa."

"Irin ta shago ke nan. Mun fasa bango don haske ya shiga, sai kuma mu toshe shi da ƙarfe?"

Ya ce, "Ke yini kike yi ki koma. Ni nake kwana a gidan nan."

Maganar ta sosa ni, don gaskiya ce. Na juya wajen Inna ina neman ta goya mini baya. Tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Mutumin da ake juyawa, ake canja wa shimfiɗa, shi za ku sa cikin gilashi duk wanda ya yi sallama ya kalla? Ni dai ku sa mini ta katako irin ta da, mara nauyi, wadda zan iya buɗewa da tasa a hannuna."

Na ce ai sai a sa labule. Yaya ya ce katako kuma gara ba za ta bar shi ba, balle ga ruwa yana dukansa. Haka muka tashi, mutum uku, ƙofa uku.

A cikin makon maigidana ya raka ni wajen masu haɗa alminiyam a Gwarzo. Wani matashi ya nuna mana wadda suka gama wa wani. Na sa yatsa biyu na tura, ta tafi sumul ba ƙara. Raina ya ƙara kwantawa da ita. Sai maigidana ya durƙusa yana duba ƙasanta, inda akwai 'yar hanyar ƙarfe da ƙyauren ke gudu a kai. Ya ce, "Wannan fa? Tayar keke za ta hau?" Matashin ya ce a ɗan ɗaga keken kawai, amma a riƙa share ramin, don in yashi ya cika shi ƙofar cijewa take. Sannan na lura da abin da ban lura da shi ba a gidan abokiyata: duk faɗin ƙofar, rabi kawai ke buɗewa, don ƙyaure ɗaya bayan ɗaya yake shigewa. Da faɗin da maginin ya fasa, da ƙyar keken zai kurɗa.

Na kira Yaya na gaya masa abin da na gani, ina tsammanin zai ce to mu zauna mu sake shawara. Sai cewa ya yi, "To kin gani," cikin muryar wanda ya ci shari'a. Ya ce gobe zai je wajen mai walda. Na ce ban yarda a rufe Baba cikin duhu ba, a ƙara faɗin ramin, ko a nemi mai gilashi wadda ake buɗewa waje. Ya ce shi ba zai sake taɓa bangon ba, ginin tsoho ne. Muka rabu a waya kowa ransa a ɓace. Shi bai je wajen mai waldar ba, don ba ya son a ce ya yi gaban kansa. Ni ma ban sake kira ba. Tamfol ya ci gaba da zama a bakin ramin.

Ana haka damina ta yi tsakiya. Wata rana bayan azahar hadari ya taso da iska mai ƙarfi, Yaya yana kasuwa, matarsa ta je unguwa, Inna kaɗai ce a gida. Iska ta fizge tamfol ɗin, feshi ya riƙa shiga har kan gado. Inna ta yi ta jan gadon ta kasa motsa shi. Daga baya ta gaya mini cewa bargo ta lulluɓa masa, ta tsaya tsakaninsa da ramin riƙe da tabarma har ruwan ya tsagaita. Duk da haka ya jiƙe. Bayan kwana kaɗan tari ya kama shi, zazzaɓi ya biyo, numfashinsa yana fita da ƙyar. Aka kwantar da shi a asibiti.

A barandar asibitin ne ni da Yaya muka faɗa wa juna maganganun da ba mu taɓa faɗa ba. Ya ce taurin kaina ne ya jawo, ina son in kawo gayun gidajen ma'aikata a kan mara lafiya. Na ce wa ya aike shi ya fasa bango da damina bai tanadi ƙofa ba. Muryarmu ta tashi har masu jinya suna leƙowa. Inna ta fito, idonta ja. Ba ta kiran sunan Yaya, kasancewarsa ɗan fari, don haka ni ta kalla. Ta ce, "Ke da yayanki ku shigo. Yana jin ku."

Muka shiga muka tsaya a bakin gadon. Baba ya daɗe yana motsa baki kafin magana ta fito. Na sunkuya ina zaton zai faɗi irin ƙofar da yake so. Abin da ya iya haɗawa shi ne, "Ku daina." Ya sake faɗa, hawaye yana gangarowa ta gefen idon da ba ya rufuwa sosai. Yaya ya ce, "Mun daina, Baba. Ka yi haƙuri." 

Washegari muka je wajen mai walda a Kabo tare, ba mai kallon ɗan'uwansa. Muka tsaya a kan ƙofar ƙarfe mai ƙyaure biyu da ke buɗewa waje, rabinta na ƙasa ƙarfe, na sama gilashi da rodi a bayansa. Babu dokin ƙofa, sai gangaren siminti da zai kai keke tsakar gida. Kowa ya sami ɗan abin da yake so, kuma da sauri muka amince, don duk mun gaji. Kafin a sallamo Baba an kafa ta, an shafa mata koren fenti.

Da farko abin ya yi kyau. Inna ko yarinya ma tana iya turo keken. Da hantsi a kai shi gindin lemon, abokansa na masallaci su zauna da shi, a kawo masa zangarniyar gero daga gona ya murza da hannun hagu ya duba cikar ƙwayar. Ya ɗan yi kumari. Sai dai ƙirjinsa bai koma daidai ba tun wancan tarin, iska kaɗan ke tayar masa da shi. Da sanyi ya shigo aka hana fito da shi, ƙofar ma dole ta yini a rufe.

A lokacin ne na zo wata Asabar, na zauna a ƙasa kusa da gadonsa ina ba shi kunu. Na ga idonsa yana kan ƙofar, na juya in ga abin da yake kallo. Koren ƙarfe kawai. Gilashin daga ƙirjin mai tsayuwa ya fara. Mu da muka zaɓa a tsaye muka zaɓa, mai waldar ma a tsaye ya auna. Wanda ke kwance ba ya hango komai sai kan katanga da 'yan ganyen lemo da sararin sama. Yana jin kukan tumakinsa da hayaniyar yara, amma ba ya ganinsu.

Na fita bayan ɗaki na yi kuka. Ban so in tayar da wata magana da Yaya ba, don har lokacin gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na dai kira shi na ce, "Yaya, don Allah zo ka zauna nan inda na tashi." Ya zo ya zauna a ƙasa, ya kalli ƙofar, ya kalli Baba. Ya daɗe a wurin. Da ya tashi ya sa takalminsa ya fita.

Da na dawo mako na gaba na tarar an yanke ƙasan ƙyauren da ke daidai gadon, an sa gilashi mai kauri, an gitta masa rodi. Waldar ba ta yi kyau ba, fentin ma ya ƙone a gefe. Inna ta ɗinka masa ɗan labule da take ja in za ta gyara shi. Ta nan Baba ya ga tunkiyarsa ta haihu, ta nan yake ɗaga wa jikokinsa hannu in sun dawo daga Islamiyya suka manna fuska a gilashin. Bai daɗe yana morar wannan ba. Kafin ruwan shekara ta gaba ya sauka ciwon ƙirjin ya dawo, Allah Ya karɓi abinSa.

Har yau ban san ko jiƙewar nan ce ta rage masa ƙarfi ba. Na tambayi wata ma'aikaciyar jinya, ta ce mai irin ciwonsa ko ba ruwa ƙirji yakan kama shi, kuma kwana in ya ƙare ya ƙare. Na yarda da hakan, amma zuciyata ba ta cika sakewa ba. Na tabbata Yaya ma yana da tasa tambayar. Ba mu taɓa zama mun yi zancen ba.

Da Inna ta gama takaba ta ce ba za ta iya kwana a ɗakin ba, ta koma ƙaramin ɗakin da ke kusa da na matar Yaya. Da kakar bana na je gida na tarar an kawo wake da dawa daga gona, ana shigar da buhuna ɗakin Baba a baro. Yaya yana tsaye yana nuna inda za a jera. Da ya gan ni sai ya ce, "Babu inda ya kai nan sauƙin shigar da kaya," kamar mai ba da uzuri. Na ce haka ne. Na aje jakata, na kama masa bakin wani buhu da ya kwance har ya samo igiya ya ɗaure.