Elkana Mai Faci da Tudun Kan Titi

Elkana mutumin Muchalla ne. Da can acaɓa yake yi, har ranar da mota ta karya masa ƙafa, sai ya kafa rumfar faci a Mubi, bakin titin da ya raba unguwarmu da Islamiyyar mata. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, don maigidana Malam Abdulhamid ke kai ni karatu a babur.

Bayan rasuwar Malam, da na fita takaba, na koma da ƙafa. Akwai inda aka ja fararen layuka a kan kwalta, aka ce nan masu ƙafa ke tsallakawa. Ni kuwa na ɗauka da gaske. Rannan ina tsakiya, ga ciwon gwiwa, mai keke ya shafi gefen hijabina, bai ko waiwaya ba. Ɗana Mu'azu ya ce karatun ya isa haka, in zauna gida. Alhali saura kaɗan in sauke Alƙur'ani, kuma na yi wa Malam alkawari.

Da Elkana ya kwana biyu bai ga wucewata ba, ya tambayi Mu'azu. Washegari sai ga shi ya ɗingiso har ƙofar gida, ya ce mu zo mu duka biyu.

Muka tsaya bakin titi muna kallo. A kan layukan babu wanda ya rage gudu. Can gaba kaɗan, inda aka yi tudun kankare ya ratsa hanya, kowa sai ya taka birki.

"Inna, na yi tuƙi, na san halinmu," in ji Elkana. "Fenti ba ya ɓata wa kowa mota. A tudun nan direba ƙarfensa yake tausayi, ke sai ki ci albarkacin ƙarfen."

Ranar kasuwar shanu kuma ya ce in jira garke in bi gefensa, ko tirela tana tsaya wa saniya. Na ce ashe saniya ta fi ni daraja. Ya ce a wajen direba dai. Har Mu'azu sai da ya yi dariya, ya ce to, in dai ta tudun zan riƙa bi.

Hanyar ta ƙaru, gwiwa ta yi ƙorafi, amma na sauke, alhamdu lillahi. Walimar ta faɗo ranar Lahadi, Elkana yana coci. Na rufe masa kwanonsa na waina, da la'asar na tsallaka ta tudun na kai masa da hannuna. Allah Ya sauƙaƙa masa ƙafar nan.