Gwajin allurar mai a hanyar Al-Kharj

Muna idar da sallar asuba muka bar unguwar Al-Jaradiya a Riyad, ni a cikin tsohuwar motar kafilina, wadda ta girmi mahaifina, abokin aikina Badamagare yana bina da fikof ɗauke da jarkokin fetur. Kafilin nan, wato Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, tara motocin zamanin da shi ne sha'awarsa. Allurar man wannan motar ta daɗe da mutuwa, sati uku ina fama da ita, shi kuma ya ce ranar da ta faɗi gaskiya zai sa mini hannu in tafi hutu. Shekara huɗu rabona da Katsina. 'Yata Hauwa ma a waya kawai na san ta.

Gwajin ba shi da wata dabara: ka yi ta tafiya har motar ta mutu, ka duba inda allura ta tsaya.

Fita daga Riyad ya ci mana kusan awa, don an haƙe tituna saboda aikin jirgin ƙasa, ko'ina sai kewaye. Da muka hau hanyar Al-Kharj, tsohuwa ta ƙi wuce sittin. Tireloli suna wuce mu kamar muna tsaye, samarin Larabawa suna rage gudu su ɗauke mu hoto. Wallahi ranar na ji kaina wani babba! Mun karya da burodin tamis da wake a shagon wani Ba'afgane, shayinsa kuwa sai rowar madara.

Motar ba ta da na'urar sanyi, sai na sauke gilashi. Ƙanshin gonakin dabino da aka yi wa ban ruwa ya shigo, sak fadamar garinmu. Kewar gida ta kama ni har na manta da abin da ya fito da ni.

Can sai fut, fut, ta mutu, allura tana kan kwata. Innalillahi! Badamagare ya sauko yana dariya ya ce, "Malam, bana ma a nan za ka yi Sallah."

Ban kula shi ba. Na ciro ƙwallon da ke yawo a cikin tanki, na ɗan lanƙwasa ƙarfensa, muka zuba mai kaɗan muka ci gaba. Sau uku muna yin haka cikin rana mai ƙuna. A na uku ta mutu allura tana kwance daidai kan layin ƙarshe. Nan gefen titi na yi sujada, yashi yana ƙona mini goshi.

Bayan la'asar muka dawo. Kafili ya kunna mota, ya kalli allura tana tashi a hankali, ya dafa kafaɗata ya ce, "Masha Allah, ya Abu Hauwa, irin hannunka ba a sakinsa. Akwai motoci guda biyu suna zuwa daga Jidda, ka gama su sai mu yi maganar hutu."

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, a ƙasar nan iya aiki ma yana ɗaure mutum. Da magariba matata ta kira tana tambaya ko ta fara gyaran ɗaki. Na ce mata allurar ba ta gyaru ba tukuna.